Shafukan littafin marigayi da ke yawo a waya: mu karanta ko mu goge?

Baban Hafsa, Gusau
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta hana ni sukuni tun daren jiya. Hotunan wasu shafuka suna yawo a WhatsApp, an ce daga littafin da marigayi makaɗin nan namu yake rubuta al'amuransa aka ɗauko su. Ba zan kama sunansa ba, wanda ya sani ya sani. Rubutun ajami ne da shuɗin biro a littafin 'yan makaranta mai layi-layi, har wani ya zauna ya juya shi zuwa boko a ƙarƙashin kowane hoto saboda waɗanda ba su iya ajami ba. Shafin farko lissafin kyauta ne: wane ya ba da buhun gero biyu, wane riga da hula, wane ya yi alkawarin babur bai cika ba. Shafi na biyu sai ga maganar cikin gidansa, tsakaninsa da ɗaya daga cikin matansa. Nan na tsaya.

Wannan bawan Allah ko wata uku bai yi a ƙasa ba, matansa ba su fita takaba ba. Kuma masu turawar ba maƙiyansa ba ne, mu ne, mu da wayoyinmu ke cike da waƙoƙinsa. Kowa ya turo sai ya rubuta "Allah ya jiƙan Baba" a ƙasa. Ina tambaya tsakani da Allah: son da muke masa ya ba mu damar karanta abin da ya rubuta don kansa?

Mai kula da zaure
Wa alaikumus salam. Maganar ta cancanci a yi ta. Sharaɗi biyu: kada kowa ya ambaci sunan marigayi ko garinsu, kada kuma a saka hoton shafi ko ɗaya a nan. Wanda ya saka zan goge, in fitar da shi.

Ɗan Ƙaura
Yaya Baban Hafsa, na fahimci damuwarka, amma bari in faɗi ta ɓangarenmu mu ɗaliban Hausa. Ƙasar nan ta haifi Narambaɗa, ta haifi Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi. Me suka bar mana? Muryarsu a faifai da kaset, sai hirarrakin da irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka bi gari-gari suka tattara. Narambaɗa, duk girmansa a fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, ko shekarar haihuwarsa masu bincike ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, jiya-jiya ke nan, amma ba wanda zai nuna maka takardar da za ka ga yadda ya fara gindin waƙa, wato amshin da ake maimaitawa, ya sauya kalma, ya yar da wani ɗa, wato baiti, ya ɗauko wani. Makaɗan baka ba sa rubutu, komai a ka yake. Yau Allah ya kawo mana guda da ya rubuta da hannunsa, sai mu ce a rufe? In aka rufe, gara ce za ta karanta shi.

Malam na Mafara
Ƙanena na Ƙaura, Allah ya yi wa karatunka albarka. Amma kafin mu je ga amfani, mu fara da hukunci. A Suratul Hujurati, aya ta 12, Allah ya haɗa abu uku wuri guda: mugun zato, binciken asirin mutane, da giba. Ya kamanta mai giba da mai cin naman ɗan'uwansa matacce. Malamai sun ce an kawo matacce ne saboda ba ya iya kare kansa. To ina ga wanda ya mutu da gaske? Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, domin sun isa ga abin da suka gabatar. Ko mai wankan gawa an umarce shi ya rufe aibin da ya gani a jikin mamaci. Wanda ya buɗe littafin nan ya ga abin da ya fi jiki ɓoyuwa.

Ɗan Ƙaura
Allah ya gafarta Malam, ba zagi nake nufi ba, nazari nake nufi. Kuma ai Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta. Malaman hadisi ma sun yi ta tona halin masu ruwaya bayan mutuwarsu.

Malam na Mafara
Sun yi, domin addinin mutane ya rataya ga gaskiyar mai ruwaya. Faɗa mini, addinin wa ya rataya ga sanin abin da ya haɗa makaɗi da matarsa? Ka duba shidan nan, ba ka samun "don masoya su ƙara saninsa" a ciki.

Maman Sadiya, Tudun Wada
Ni abin da ya ba ni takaici, tun da aka fara maganar nan kowa "marigayi, marigayi" yake cewa. Marigayi ya tafi, yana gaban Ubangijinsa, abin da ake turawa ba ya ƙara masa ba ya rage masa. Matar fa? Tana da rai. Tana zaune a ɗaki wata huɗu da kwana goma, ba ta fita ba balle ta kare kanta, mata na shigowa gaisuwa da wayoyi a hannu, ita ba ta san wace ta karanta wace ba ta karanta ba. Na yi takaba, na san yadda ido ke zama a kanka a kwanakin nan. Kowace mace da ta yi zaman aure ta san akwai ranar da miji zai fita ransa a ɓace, in da za a ba shi biro a wannan sa'ar ya rubuta abin da bayan la'asar shi da kansa zai ji kunyarsa. 'Ya'yanta mata suna gidajen mazajensu, akwai kishiyoyi, akwai dangin miji. Kun san irin gorin da za a yi musu da shafin nan har tsufansu? Ku da kuke maganar tarihi, wannan ma tarihi ne kuke rubuta musu.

Ɗan Samaru
Ba mu muka fara wannan gardamar ba. Akwai mawaƙin Amurka, Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana, ya mutu a 1994 yana da shekara 27. A 2002 aka buga littattafan da yake rubuce-rubucensa a ciki, da yardar matarsa, hoton shafukan da rubutun hannunsa yadda suke. Masoyansa suka rabu biyu, wasu suka yi rububin saye, wasu suka rantse ba za su buɗe ba. Abin da ya sa na kawo shi: a wani shafi ya rubuta kada a karanta littafin bayan ba ya nan, a ƙasa kaɗan kuma ya rubuta yana roƙo a karanta, a bincika kayansa a gane shi. Mutum ɗaya, shafi ɗaya. Ina ganin duk mai rubuta sirrinsa haka yake, rabinsa na ɓoyewa, rabinsa na son wata rana a sani. In Baba ba ya son kowa ya gani har abada, me ya hana shi jefa su a murhu? Ya yi jinya mai tsawo, ya sami lokaci.

Maman Sadiya, Tudun Wada
Ɗana, mai jinya warkewa yake sa rai, ba ƙone takardu ba. Kai yanzu ka goge duk abin da ke wayarka saboda ana mutuwa?

Tsohon ɗan amshi, Maradun
Salamu alaikum. Jikana nis sa shi rubuta min, idanu sun yi rauni. Na yi amshi shekaru da yawa bayan wani makaɗin fada, ba wanga marigayi ba, amma na san shi, mun ci tuwo akushi guda. Ɗana na Ƙaura, kana son ka ga yadda aka ɗinkin waƙa, to saurara. Dare aka yin ta. Maigida shi kawo gindi mu karɓa, shi aza ɗa mu karɓa, ana taɓa kotso sannu don kada maƙwabta su ji. In wani ya ɓata mai rai ranan nan, sai shi zuba mai zambon da in kaj ji sai ka toshe kunne. Mu yi ta amsawa har kusan assalatu. Da sahe in ya sha hura zuciya ta kwanta, sai shi ce, wancan ɗa na jiya ku yar da shi. Shi ke nan mun yar. Ko matanmu ba su ji. Mafi yawan abin da munka amsa cikin zaure bai taɓa zuwa gaban Sarki ba.

Abin da makaɗi bai kai fage ba, ba waƙatai ba ta, hushi na. Mu da munka riƙe da ka, in mun mutu ya bi mu kushewa. Shi Allah ya ba shi karatun allo, shi yas sa nashi hushi yat tabbata ga takarda. An ce min akwai zambon da yay yi ma wani mai sarauta ciki, kuma mai sarautan ga yana da rai, ɗiyanai da ɗiyan marigayi suna auratayya. In wanga shafi yaf fito, gida biyu kunka raba.

Bakabe, Argungu
Baba, Allah ya ƙara lafiya, maganarka ta shige ni. Amma ku yi haƙuri in faɗi abin da wasu ke faɗa a waje. Mutumin nan da zambo da habaici ya ci abinci. Akwai gidajen da har yau ake tsokanar jikokinsu da baitin da ya yi wa kakansu. Shi da ya yi rayuwa yana tona na mutane, don me nasa zai zama haramun?

Tsohon ɗan amshi, Maradun
Gaskiya ta, ya yi zambo. Amma bainar jama'a yay yi shi, da bakinai, kuma wanda anka yi ma yana da rai. In ya so shi kai ƙara ga Sarki, in ya so shi aiko da riga a daina, in ya so shi sa nashi makaɗi shi rama. Kuma zambon fada ba a kiran suna, siffa aka yi, a ce mai kaza, mai tafiya kaza, mai shi ya gane, saura su yi ta canki. Takarda kuwa suna yas sa ɓaro-ɓaro, don bai rubuta ma kowa ba.

Barista, Birnin Kebbi
Bari in sa baki ta fuskar doka, don na ga ana haɗa abu biyu. Mallakar takardar daban, haƙƙin yaɗa abin da ke cikinta daban. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, rubutu da waƙa suna da kariya tsawon ran mai su da shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma wannan haƙƙi yana komawa ga magada. Ba a ce sai an buga littafi kafin ya sami kariya ba. Saboda haka wanda ya ɗauki hoton shafukan ya watsa ba da izinin magada ba ya taɓa dukiyar marayu, wanda ya juya zuwa boko ma haka. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 kuma ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu, kuma kamar yadda Hajiya Maman Sadiya ta ce, akwai rayayyu a cikin shafukan nan. Masoyi ba shi da kaso a gado. Sayen kaset ɗin mutum shekara talatin ba ya mayar da kai magajinsa.

Malam na Mafara
Barista ya tuna mini wani abu, kuma adalci ne in faɗe shi ko da zai yi kama da na sassauta. Ban ce kada kowa ya buɗe littafin ba. Dole ne ma a buɗe. Kafin a raba gado ana fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya daga cikin sulusi. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. In marigayi ya rubuta wanda yake bi da wanda ke bin sa, ya yi abin da aka umarce shi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya alƙali yana karɓar shaidar waɗanda suka san rubutun hannun mamaci. Amma mai buɗewa magaji ne ko amintaccen da suka wakilta, ya ɗauki abin da ya shafi haƙƙi, ya kame bakinsa ga sauran. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Bagwandu
Ina tare da Ɗan Ƙaura ta wani gefe. Mu nan Gwandu muna karanta Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A ciki akwai waƙar da ya yi lokacin da ransa ya ɓaci da yadda wasu suka karkata ga mulki da tara dukiya, har ya bar jama'a ya nufi gabas ya tsaya a Kano. Ɓacin rai ne na cikin zuciya, kuma da ba mu karanta ba da ba mu san wannan fuskar ta jihadi ba. Ba wanda ya ce giba muke yi.

Malam na Mafara
Shi da kansa ya tattara waƙoƙin ya yi musu sharhi a 1813, yana da rai, yana cikin hankalinsa, ya zaɓi abin da zai sa. Wannan littafi ne aka miƙa maka. Namu kuwa daga adaka aka zaro shi.

Ɗan Ƙaura
To ga wanda ba a miƙa ba. Franz Kafka, marubucin nan na birnin Prag, ya rasu a 1924 bayan ya bar wa amininsa Max Brod wasiyya ya ƙone duk rubutunsa da bai buga ba. Brod ya ƙi, ya buga. Yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Da ya bi wasiyyar fa?

Maman Sadiya, Tudun Wada
Da ya bi, da ya cika amana. Amfanin da duniya ta samu ba ya mayar da cin amana ya zama kirki. Ni dai ba na fatan irin wannan aminin a kan gawata.

Direban Funtuwa
Ni zan faɗi gaskiyata ko za a ga baƙina. Na karanta duka shafukan da suka zo mini. Shekara da shekaru muryar Baba ke raka ni a hanya, daga Gusau zuwa Funtuwa, cikin dare, lokacin da kowa a motar ya yi tsit saboda tsoron hanya. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Akwai shafin da ya rubuta yana asibiti, yana lissafa mutanen da ya yi wa zambo yana neman Allah ya sa su yafe masa, yana cewa yana tsoron kabari. Na ajiye mota gefen titi na yi kuka. Tun ranar ban rasa sallar asuba a jam'i ba, kuma kullum sai na sa shi a addu'a. Da waƙoƙinsa kaɗai na sani, da gwani na ɗauke shi, yanzu na san mutum ne mai tsoron Allah. Ku gaya mini wannan sharri ne?

Baban Hafsa, Gusau
Malam direba, na yarda da kai, kuma Allah ya karɓi addu'arka. Amma shafin tuban da na matar a tare suke tafiya, wanda ya turo maka ɗaya shi ya turo ɗayan. Kai ka sami taushin zuciya, ita ta sami tozarci, kuma ba a tambaye ta ba ko ta yarda ta biya wannan farashin.

'Yar Tsafe
Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Wa ya tabbatar duk shafukan nasa ne? Littafin 'yan makaranta da shuɗin biro akwai su a kowane shago, masu iya ajami kuma ba su ƙirguwa. Tunda mutane sun saba karɓar "shafin littafin Baba" su gaskata, gobe wani mai gaba da maƙwabcinsa zai rubuta nasa ya cusa. Kun san halin da muke ciki a jihar nan. A rubuta cewa wane yana kai wa 'yan bindiga labari, a ce marigayi ne ya rubuta, kafin a bincika an kashe mutum. Mun ga an rasa rai a kan jita-jitar da ba ta kai wannan ƙarfi ba. Mai rubutun ba ya nan balle ya ce ba hannuna ba ne.

Barista, Birnin Kebbi
Wannan magana ta 'yar'uwa ita ce mafi nauyi a yau. Ya kamata iyalin su fito su faɗi adadin littattafan da wanda ke riƙe da su, don duk abin da ya ɓullo daga baya a san ba daga gare su ba ne.

Ɗan ƙanen marigayi
Assalamu alaikum. Wani ɗan zauren nan ya nuna mini abin da ake tattaunawa, na nemi izinin yayyena kafin in yi magana. Littattafai shida ne, a cikin gafaka muka same su a ƙasan adakarsa, tare da carbinsa da wasu kaset. Don bashi muka buɗe, kamar yadda Malam ya ce. Rubutun Baba ƙanana ne kuma ba ya sa wasali, sai muka kira wani yaro mai karatu ya taya mu. Da aka tashi sallar la'asar aka bar shi da su a zaure. Daga nan ne. Yanzu duka shidan suna hannun limamin unguwarmu, kuma shafi bakwai ne suka fita. Duk wanda ya ga na takwas, ba namu ba ne.

Inna, matar da ake maganarta a shafin, ta ji. 'Yan'uwanta ne suka kira ta suna faɗa, suna cewa ta haɗa kayanta. Ta ce ba inda za ta sai ta gama takabar mijinta. Abin da ya fi ƙona mana rai, shafin da ake yawo da shi ya fi shekara goma da rubutawa. A littafi na ƙarshe akwai inda ya rubuta yadda take juya shi a shimfiɗa, take dama masa kunu da dare, har ya ce ya yafe mata duniya da lahira, ita ma ta yafe masa. Ta ce in faɗi wannan kaɗai. Shi yaron bai ɗauki hoton wannan ba, don ba shi ne mai daɗin turawa ba.

Muna roƙon duk wanda ke da su ya goge, don girman Allah.

Direban Funtuwa
Na goge yanzu. A gaya wa Inna wani direba yana gaishe ta, Allah ya ba ta haƙuri.

Ɗan Ƙaura
Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri, Yaya. Ban goyi bayan abin da yaron ya yi ba ko kaɗan. Amma ina roƙo kada zafin wannan ya sa a ƙone su. A ware na waƙa daban, na gida daban. Akwai wuraren ajiya: Gidan Arewa a Kaduna, Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ga Jami'ar Tarayya nan Gusau. Iyali na iya gindaya sharaɗi cewa ba mai buɗewa sai da izininsu, ko sai bayan shekaru kaza.

Ɗan ƙanen marigayi
Ƙanena, da za su waru da mun ware. Baba ba ya raba littafi. Ka buɗe takarda ɗaya, a sama gindin waƙar noma ne da ya soke ya sake har sau uku, a tsakiya kuɗin takin da ya ranta, a ƙasa maganar gida, a bayanta kuma wani ɗan waƙar ya ci gaba. In ka yaga don ka ƙone sirri, ka ƙone waƙa. Babbar yayarmu ta ce ita za ta zauna da Liman a kwafe waƙoƙin a sabon littafi, sannan a san yadda za a yi da na asali. Wasu cikinmu na cewa a ƙone, wasu na cewa a bar wa jikoki.

Ɗan Ƙaura
Kwafi zai ɓatar da abin da ya fi daraja, wato wuraren da ya soke. A nan ake ganin tunaninsa. Me zai hana a rufe sashen gida da farar takarda, a ɗauki hoton sashen waƙa kaɗai, a gaban Yaya da Liman, da wayar gida?

Tsohon ɗan amshi, Maradun
Ɗana, abin da yas soke, shi yac ce bai so. Kai kuma shi kaka nema.

Ɗan Ƙaura
Baba, in zambo ne ya soke, na yarda a bar shi a soke. Amma in kalma ce ya canza a waƙar noma don ta fi zama a bakin 'yan amshi, wa wannan zai cutar? Ni a nan ban sauka ba.

Maman Sadiya, Tudun Wada
Wannan kam ba ni da ja a kai, in matan sun yarda. Amma a jira su fita takaba a tambaye su da bakinsu, kada maza su zauna a zaure su yanke sannan a aika musu. Suna da tumuni a cikin takardun nan kamar yadda suke da shi a gona.

Ɗan ƙanen marigayi
Haka muka tsayar, Hajiya. Ba abin da za a taɓa sai sun fita. Ɗan Ƙaura, zan kai maganarka yadda ka faɗe ta, amma ban yi maka alkawari ba.

Bashinkafe
Tun ɗazu nake karatu ban ce komai ba. Ɗan'uwa, ina da buƙata. Mahaifina ya rasu shekara huɗu ke nan. Baba ya taɓa zuwa ya yi masa kiɗa a gona lokacin gayya, kuma na sha jin mahaifina yana cewa akwai ɗan maraƙin da ya yi masa alkawari a gaban jama'a, shekarar ta zo da fari bai samu ya kai ba. Ban sani ba ko ya cika daga baya. Malam, wannan bashi ne a kanmu?

Malam na Mafara
Kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasu ba ta zama bashin da alƙali zai tilasta wa magada. Amma in kun cika wa mahaifinku alkawarinsa daga dukiyarku, alheri ne gare shi, kuma marayun can suna da buƙata.

Bashinkafe
To a duba mini. In yana ciki ba a soke ba, zan kawo kafin Babbar Salla.

Ɗan ƙanen marigayi
Allah ya saka da alheri. Turo mini sunan mahaifin naka da shekarar ta saƙon sirri, kada ka sa a nan. Ni ma ba ni ke buɗewa ba, zan kai wa Liman gobe bayan azahar ya duba.